Gansakuka a Jikin Itace: Kada a Yi Saurin Ɗaukar Wuƙa

Manoman da ke da kofi ko shayi a tsaunin Mambila, da masu lambun mangwaro da lemo a ƙasar Jos, sukan ga wani abu kamar ƙyasbi ya fito a jikin itatuwansu. Waɗansu sukan ce ciwo ne, su kama kankarewa da wuƙa. Wannan kuskure ne, gama wuƙar ita ce ke yi wa itacen rauni, ta buɗe wa ƙwari ƙofa.

Abin iri biyu ne. Akwai gansakuka kore mai laushi, mai son inuwa da laima. Akwai kuma mai kama da ƙyasbin, fari-fari ko toka-toka. A 1867 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, ya bayyana cewa wannan na biyun halitta biyu ce a haɗe, watau funfuna da wani ɗan tsiro kore mai yi mata abinci da hasken rana. Dukansu ba sa shan ruwan jikin itace. Ruwan sama da raɓa da ƙura su ne abincinsu.

Ku duba gonarku da kyau. Ƙaramin itace ɓawonsa sumul ne, ruwa ba ya tsayawa, saboda haka sai ɗan tabo manne kamar fenti. In ya daɗe ɓawon ya yi kaushi ya tsattsage, yana riƙe laima da ƙura, sai mai fāɗi kamar ganye ya shigo, gansakuka kuma ta kama gindi da mararrabar rassa. A kan tsofaffin itatuwan kurmin Ngel Nyaki har akwai mai reto kamar gemun tsoho. Girmansu a hankali ne ƙwarai, da yawa ba sa ƙara ko rabin inci a shekara.

To, in sun lulluɓe rassan kofinku tun bai tsufa ba, itacen ne ya daina girma, ganye ya ragu, rana tana shiga. Taki yake nema, da nome ciyawa, da sassabe matattun rassa. Tsohon kofi kuwa akan sare shi kamar ƙafa 1 daga ƙasa ya sāke toho. In dole ne a share gindin, a goga da tsohon buhu.

Kauci dabam ne. Shi yana huda reshe ya sha ruwan itace har reshen ya bushe. In kun gan shi, ku sare reshen can ƙasa da inda ya kama, tun bai yi 'ya'yan da tsuntsaye za su kai wa sauran itatuwa ba.