Atamfa: Baƙuwar da Ta Zama 'Yar Gida

Lefen da babu atamfa a ciki, dangin amarya sai sun yi magana. Da ita muke anko, da ita ake fitar suna, da ita ake goyo. Amma asalinta yana can nesa, a tsibirin Jaba na ƙasar Indonesiya.

Mutanen Jaba sun daɗe da wani irin rini da suke kira batik. Mace za ta narka kaki, ta ɗiba da ɗan ludayin tagulla mai siririn baki, ta zana fure ko tsuntsu a kan farin ƙyalle, sannan a tsoma a rini. Duk inda kaki ya rufe, rini ba ya kamawa. Zane ɗaya mai kyau kan ci watanni.

Turawan Holan da suka mulki ƙasar sun so su yi irinsa da inji, su sayar da araha. Cikin masu wannan yunƙuri har da kamfanin da yau ake kira Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846. Sai dai aikin inji yakan tsattsage, rini ya ratsa ya bar jijiyoyi a jikin zane. Mutanen Jaba suka ga aibi ne, suka kau da kai. Da kayan suka iso gaɓar tekun Ghana ta yau a ƙarshen ƙarni na 19, jijiyoyin nan su ne suka burge mata. Daga nan atamfa ta bazu har ta iso mana.

Ina jin daɗin kallon dattijuwa tana sayen atamfar Holan a kasuwar Kantin Kwari. Za ta warware turmi, ta juya ciki da bai, domin ta ainihi fuskarta biyu iri ɗaya ce. Ta murza gefe da yatsu, ta duba rubutun bakin zane, sannan ta ɗago kai: "Yaro, ba ta zuba?" Shi kuma ya ce, "Hajiya, wannan har jikarki sai ta ɗaura." Wannan ido da wannan hannu su ne suka mai da atamfa tamu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a da mu ma muna yin ta. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, audugar Funtuwa da Gusau ta sami kasuwa. Rashin wuta da fasa-ƙwauri suka durƙusar da su, har babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Yau galibin abin da ke jibge a Kwari daga Sin yake zuwa.

Audugar tana nan, teloli suna nan, masu saye ba su ƙare ba. Masu mulki da masu hannu da shuni, ku tayar mana da masaƙu, domin kuɗin lefenmu su riƙa tsayawa a gida.