Gidan Kwatas Ba Gidan Gado Ba Ne: Yadda Za Mu Tallafi 'Yan'uwa Mazauna Gidajen Gwamnati

Duk wanda ya bi titin Maiduguri a Kano daga Tarauni zuwa Hotoro, ko ya bi titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, zai wuce ta gefen gidajen da hukuma ta gina. Akwai rukunin gidajen Kundila, akwai kwatas-kwatas na ma'aikata, akwai kuma barikin 'yan sandan kwantar da tarzoma a Hotoro. Da yawa daga cikinmu a irin waɗannan gidaje muka tashi. Aiki ne ya kawo iyayenmu daga Filato, Kudancin Kaduna, ƙasar Tangale, Adamawa ko Zuru, aka ba su ɗaki biyu ko uku, a nan aka haife mu, a nan muka yi makaranta.

Idan mutum ya shekara ashirin a gida ɗaya, yakan manta cewa ba nasa ba ne. Ranar da za a tuna masa kuwa takan zo a lokacin da ba shi da ƙarfi: ya yi ritaya fansho bai fara fitowa ba, ko maigida ya rasu ya bar mata da yara, ko kuɗin haya ya taru. A wannan koyarwa za mu duba irin taimakon da ake iya samu, da yadda za mu neme shi tun kafin takardar tashi ta iso.

Wane irin gida muke ciki?

A Ingila, bayan dokar gidaje ta 1919, ƙananan hukumomi sun gina gidaje masu yawa suna ba masu ƙaramin ƙarfi haya a kan kuɗi kaɗan, kuma akwai tallafin da gwamnati take biya wa wanda ya kasa. A ƙasarmu tsarin ya bambanta. Gwamnatin Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ta yi niyyar gina gidaje 40,000 a kowace shekara, 2,000 a kowace jiha, shi ya sa har yau akwai unguwar Shagari Kwatas a Kano da wasu garuruwa. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta biyu, daga 2011 zuwa 2015, ta gina biranen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo. Amma yawancin irin waɗannan gidaje sayar da su ake yi. Bayan tsarin da gwamnatin Obasanjo ta kawo a 2003 na mayar da alawus ɗin gida ya zama kuɗi a cikin albashi, an sayar da gidajen gwamnatin tarayya da dama.

Saboda haka mazauna abin da muke kira "gidan gwamnati" kashi uku ne. Na farko, wanda wurin aikinsa ya ba shi gida, kamar bariki ko kwatas na asibiti. Zamansa yana rataye da aikinsa, ranar da aikin ya ƙare zaman ma ya kusa ƙarewa. Na biyu, wanda hukuma ta ba shi gida da sunansa, yana biyan haya ko yana biya kaɗan-kaɗan har ya mallaka. Na uku, wanda yake haya a hannun wani da ya riga ya sayi gidan ko aka ba shi. Wannan na ukun ɗan haya ne kamar kowane ɗan haya a Sabon Gari, ko da ginin na gwamnati ne a asali.

Tambayar farko da kowane iyali ya kamata su iya amsawa ita ce: sunan wa ke kan takardar gidan nan? Mata da yawa ba su taɓa ganin takardar ba sai bayan jana'izar miji. Ya kamata miji da mata su san inda take, su ajiye ta tare da rasit na kowane biya, su kuma ɗauki hotonta a waya.

Me ya sa ake kasa biya?

Ba lalaci ne yake sa yawancin iyalai su faɗa bashin haya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi. A Yuli 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Jihar Kano kuma ta sa nata 71,000, amma kasuwa ta riga ta yi gaba. Ga shi kuma a al'adarmu kuɗin shekara ake nema a dunƙule, alhali albashi wata-wata yake zuwa. A ce hayar gida naira 360,000 ce a shekara. Idan an raba, naira 30,000 ce a wata. Iyalin da za su iya ware wannan kowane wata sukan kasa kawo ta gaba ɗaya a watan Janairu, lokacin da kuɗin makaranta ma yake jira.

Sai kunya ta shigo. Mutum ya zo sujada sanye da kaya masu kyau, ya gaisa da kowa, bai gaya wa ko mutum ɗaya ba cewa watanni biyar ke nan yana ɓuya wa mai gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma idan bai faɗa ba har damina ta yi nisa, gyaran yakan fi ƙarfinsa.

Kuɗin da iyali suke da haƙƙi a kai

Kafin a kai ga roƙo, akwai kuɗin da na ma'aikacin ne ko na magadansa, waɗanda sau da yawa ba a nema.

Na ɗaya, Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa a 1992 a ƙarƙashin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci ana zubawa a ciki. A kan naira 70,000, naira 1,750 ke nan a wata. Mai zubawa yana iya neman rancen gina gida ko saye a kan ruwa kashi 6 cikin 100, ya biya cikin shekaru har 30. Bankin yana kuma da tsarin da mutum zai shiga gida yana biyan haya har gidan ya zama nasa. Wanda bai ci rance ba, idan ya kai shekara 60 ko ya cika shekara 35 a aiki, yana da ikon karɓar abin da ya tara. Idan ya rasu, magadansa suna iya nema. Tun 2023 zubin ya zama ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, don haka kowa ya duba takardar albashinsa ya ga ko ana cire masa, ya kuma nemi lambarsa ta asusun.

Na biyu, asusun fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikacin da aikinsa ya ƙare kafin ya kai shekara 50, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani aikin ba, yana iya cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. A Satumba 2022 kuma hukumar PenCom ta fitar da ƙa'idar yin amfani da har kashi 25 cikin 100 na asusun a matsayin kafin alƙalami na rancen gida. Wannan ya shafi masu asusun fansho na kansu, kamar ma'aikatan tarayya da na kamfanoni. Ma'aikatan Jihar Kano suna da nasu asusun fansho dabam, sai su tambayi ƙa'idarsa a can.

Na uku, inshorar rai. Dokar ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikacinsa inshorar da ba ta gaza ninki uku na abin da yake samu a shekara ba. Idan ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki, wannan kuɗi na iyalinsa ne, ban da abin da ke asusun fanshonsa. Za a nemi takardar shaidar mutuwa, sau da yawa kuma da takardar izinin kula da gado wadda ake samu a Babbar Kotu. Neman waɗannan takardu yakan ɗauki watanni, wa'adin da ake ba iyali a bariki ko kwatas kuwa ba ya da tsawo. Shi ya sa bai kamata a jira sai an gama zaman makoki da watanni ba kafin a fara.

Abin da doka ta ce game da tashin ɗan haya

A dokokin jihohin Najeriya da dama, idan babu wata yarjejeniya a rubuce da ta faɗi wani abu dabam, mai biyan wata-wata ana ba shi sanarwar wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku sanarwar wata uku, mai biyan shekara kuma sanarwar wata shida. Bayan wa'adin ya cika, sai a ƙara ba shi takardar kwana bakwai cewa za a kai maganar kotu. Kotu ce kaɗai take da ikon ba da umarnin a fitar da mutum. Mai gida ba shi da ikon cire rufi, ko sa kwaɗo a ƙofa, ko watsa kayan ɗan haya a waje.

Mu lura da abu biyu. Wanda bashin haya ya taru a kansa yana iya rasa wani ɓangare na wannan kariya. Wanda kuma yake zaune a gidan wurin aiki, ƙa'idar wurin aikin ce ta fi aiki a kansa. Don haka duk wanda aka ba takarda, kada ya yaga ta, kada ya ɓoye ta a ƙarƙashin katifa. Ya kai wa lauya cikin makon. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi. Akwai kuma zauren sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotun Jihar Kano, inda ake zaunar da mai gida da ɗan haya a daidaita ba tare da doguwar shari'a ba. A unguwa ma, mai unguwa yakan raba irin wannan gardama, kuma masu gida da yawa sun fi son a rubuta musu ranar biya kaɗan-kaɗan da su je kotu.

Lafiya da tallafin gwamnati

Sau da yawa ciwo ne yake cinye kuɗin haya. Kwana goma a gadon asibiti sun isa su share abin da aka tara a wata shida. Jihar Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, wadda aka kafa a 2016, kuma ba ma'aikatan gwamnati kaɗai take yi wa rajista ba. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko wanda dokar lafiya ta 2014 ta tanada, domin mata masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi da masu naƙasa. A ƙaramin asibitin unguwa ake tambayar yadda ake shiga.

Tallafin kuɗi da gwamnatin tarayya take rabawa yana bi ta rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, kuma yanzu ana neman lambar NIN da asusun banki ko na waya. Ba a biyan ko kwabo domin shiga wannan rajista. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai sa suna, ko ya ce yana da hanyar samo gida a sabon rukunin gwamnati idan aka tura masa kafin alƙalami ta waya, a guje shi. Gidan hukuma a ofishin hukuma ake nemansa, da rasit.

Abin da za mu iya yi a ikilisiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A cikin kowace ikilisiya ta Kano akwai lauya, ko akawu, ko ma'aikaciyar jinya, ko tsohon ɗan sanda da ya san yadda ake bin fayil daga tebur zuwa tebur. Kwamitin jin ƙai zai iya tara sunayensu, domin idan an yi rasuwa ko ritaya, a sami mutum ɗaya da zai raka iyalin ofis. Gwauruwar da ta je ita kaɗai akan ce mata ta dawo gobe. Idan ta je da wanda ya san sunan fom ɗin da ake nema, tafiyar takan ragu.

Zumuntar mata da ta maza sun daɗe suna adashi. Za a iya ware guda ɗaya domin haya kawai, a tsara kwasar kowa ta faɗo a watan da hayarsa take cika. Idan ikilisiya za ta taimaka daga baitulmalinta, ya fi kyau a biya mai gida kai tsaye a karɓi rasit, a kuma rufa wa iyalin asiri. Ba sai an kira suna a sanarwar Lahadi ba. Mutum biyu ko uku daga cikin dattawa sun isa su sani.

Akwai kuma taimakon da ba na kuɗi ba. Matasa suna iya gyara rufin tsohuwar da ke zaune ita kaɗai kafin ruwan Yuli da Agusta, su yashe magudanar ruwa, su ɗauko kaya ranar ƙaura. Maƙwabcinmu a kwatas, ko addininmu ɗaya ko ba ɗaya ba, famfo ɗaya muke sha, taransifoma ɗaya muke haɗa kuɗin gyarawa. Idan muka san wata hanya da za ta fisshe shi, mu gaya masa.

Ga waɗanda suka rage shekara biyar su bar aiki, yanzu ne lokacin tambayar kai: ina za mu koma? A zauna da iyali a wannan mako, a fito da takardar gida, da takardar albashi, da lambar fansho, a duba sunan wa aka rubuta a matsayin magaji. Idan har yanzu sunan mahaifi ne da ya rasu tuntuni, ko na wani ɗan'uwa da aka rubuta kafin aure, a je a gyara tun ana da rai da lafiya.