Sarƙa siririya, katako mai auki: Kuskuren da lambar 3/8 ke jawo wa masu zarton inji

Wanda ya shiga kasuwar katako ta Dei-Dei ko ta Kugbo a Abuja zai ga falankai jibge, wasu sumul daga masana'anta, wasu kuma da zanen haƙoran zarto a jikinsu kamar kunyoyin gona. Waɗannan na biyun a daji aka tsaga su, a gindin kututturen da aka kayar, da zarton inji mai sarƙa. Ga kowane falanki da ya iso kasuwa, akwai wani kaso na itacen da ya zama dusa ya zube a ƙasa, kuma faɗin sarƙar da aka yi aikin da ita ne ke yanke yawan wannan kaso.

Lissafin ba shi da wuya. Sarƙa mai lamba 0.404, wadda ke kan manyan injuna irin su Stihl 070 da ya cika dazuzzukan Afirka ta Yamma, tana cin kimanin milimita 9 a kowane yanka. Siririyar sarƙar tsaga, wadda kamfanin Stihl ke kira Picco, tana cin kimanin milimita 6. A ɗauki gungume da aka fere shi ya zama santimita 40, ana son falankai masu kaurin milimita 25. Da babbar sarƙa za a sami guda 12, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gungumen ya tafi a dusa. Da siririya za a sami guda 13. Falanki ɗaya kamar ba komai ba ne, sai an tuna cewa a kowane gungume ne, kuma maɗaci ko kawo yakan kwashe shekaru gommai kafin ya isa sara. Ga kuma sauƙin da inji ke samu: tunda itacen da yake niƙawa ya ragu, yankan yana sauri, fetur yana auki.

Wannan ne ya sa wasu masu tsaga katako a Turai da Amurka suka daɗe da komawa siririyar sarƙa. Kamfanin Logosol na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1989, ya gina kasuwancinsa a kan teburin tsaga da ake ɗaura wa zarton inji, yana kuma sayar da sarƙar 63 PMX tare da kayan da suka dace da ita. A nan ne maganar take, domin sarƙa ba ta aiki ita kaɗai.

Duk ɗan acaɓa ya san cewa ba a sauya sarƙar babur a bar tsohon sufuroket, wato faifan nan mai haƙora da ke jan ta. Haka abin yake a zarto, sai dai a nan saurin ya ninka, domin sarƙar tana gudun da ya kai mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Abubuwa uku ne dole su yi daidai: sufuroket ɗin da ke jikin kulocin inji, dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a jikinsa, wanda za a iya kira takobi, da ita sarƙar kanta. Ma'auni biyu ne ke haɗa su. Na farko shi ne taku: a auna tazarar ƙusoshi uku a jere na sarƙar, a raba biyu. Na biyu shi ne kaurin ƙafafun sarƙar da ke shiga kwarmin takobi, wanda yakan kasance milimita 1.1, ko 1.3, ko 1.5, ko 1.6.

Tarkon yana cikin taku. Sarƙa iri biyu ne ke ɗauke da lambar 3/8 na inci, akwai cikakkiya, akwai kuma gajeriya, wato siririyar da ake magana a kai. Mai saye ya duba kwali ya ga 3/8, ya duba sufuroket ɗinsa ya ga 3/8, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Idan ya ɗaura, sarƙar za ta zauna, ya ja ta da hannu ta zagaya, ya tada inji ta yanka. Da ƙin shiga ta yi tun farko, da ya huta.

Abin da ido ba ya gani shi ne yadda take zama. Jikin siririyar sarƙa ya fi gajarta, ƙafafunta ma ƙanana ne. Idan ta hau sufuroket ɗin da aka ƙera don cikakkiya, ƙusoshinta suna zama kusa da tsakiyar faifan fiye da yadda aka tsara, don haka takunta da na haƙoran faifan ba sa haɗuwa daidai. Maimakon ƙafafu da dama su raba nauyin ja a tsakaninsu, sai ɗaya ko biyu su ɗauke shi, kowace tana shan duka yayin shiga da fita. Alamomin sukan bayyana da wuri: ƙafafun suna dakuwa suna yin kaifi a gefe, ramukan ƙusoshi suna buɗewa, sarƙa tana saki ana ta ɗaurewa, inji yana wata ƙara da ba a saba ji ba. Mai inji yakan ɗora laifin a kan sarƙar, ya ce jabu aka sayar masa. Wani lokacin da gaskiyarsa, domin jabun ba su da wuyar samu, amma ko ta asali ce haka za ta ƙare. Ƙarshenta tsinkewa ne, kuma a aikin tsaga mutum yana tsaye ne dab da takobi na tsawon mintuna, inji a buɗe har ƙarshe. Sarƙar da ta tsinke a wannan hali bulala ce ta ƙarfe.

Magani na farko shi ne a nemi sufuroket da aka ƙera musamman don siririyar sarƙa. Wahalar ita ce an ƙirƙiri wannan sarƙa ne don ƙananan zartuna na sassabe da gyaran rassa, shi ya sa faifanta na yau da kullum ba ya shiga kulocin babban inji. Sai 'yan kamfanoni ƙalilan, irin Logosol, ke sayar da wanda zai hau injuna kamar MS 660 da MS 661. Akwai kuma dabarar da masu tsaga suka gano da kansu: su ɗauki sufuroket na 0.404 irin mai zobe, su kai wa mai injin fere ƙarfe ya rage faɗinsa kaɗan-kaɗan, ana gwadawa da sarƙar har ta kwanta daidai. Dabarar tana aiki idan an sami mai hannu da ma'auni mai kyau. Aikin kuwa na ɗigon milimita ne, wanda bai dace a yi shi da dutsen wasa da ƙiyasin ido ba.

Yawan haƙora ma abin dubawa ne. Faifai mai haƙora 8 yana ƙara wa sarƙa gudu da kimanin kashi 14 cikin ɗari a kan mai 7, amma yana rage ƙarfin ja da kwatankwacin haka. A itace mai laushi kamar malaina ƙarin gudun riba ne. A ɗoka ko kawo, musamman mai faɗi, mai 7 ya fi, don inji ba zai riƙa shaƙewa ba.

Sai takobi. Idan bakinsa yana da ƙaramin faifai, shi ma dole ya kasance na siririyar sarƙa. Idan kuma irin mai dunƙulallen baki ne, saura kwarmi: sarƙa mai kaurin 1.3 a kwarmin 1.6 za ta riƙa rangaji, falanki ya fito da tudu da kwari, abin da aka tsira da shi a yanka ya tafi wurin goga. Wasa haƙora ma ya bambanta. Sarƙar tsaga ana wasa ta a kusurwar digiri 10, ba 30 na yankan gicciye ba, kuma magagarinta mai milimita 4 ne, ba 5.5 na babbar sarƙa ba. Kamfanin Stihl yana ba da shawarar a sauya sufuroket bayan an cinye sarƙa biyu, ko da zarar zaizayarsa ta wuce rabin milimita. Wannan shawara ce da aka fi karyawa, alhali faifan ya fi sarƙar araha.

Duk da haka, siririyar sarƙa ba ta kowa ba ce. Mafi yawan masu tsaga a dazuzzukan Najeriya da hannu suke yi, ba tebur ba madogara, suna bin layin da aka ja da igiya, suna kai da komo da bakin takobi. Wasu ma sukan goge ƙahonnin da ke iyakance zurfin cizon haƙori don aiki ya yi sauri. Injin 070, wanda ya fito tun 1968, yana da girman sisi 106 da ƙarfin ja mai yawa, kuma sarƙar da aka yi wa ƙananan zartuna ba za ta jure wannan haɗi ba, balle a kan dogon takobi. Ribarta tana fitowa ne ga wanda ya ɗaura zartonsa a firam, irin na Alaskan da kamfanin Granberg na Amurka ke yi ko wanda maƙeri ya kwaikwaya, yana tura shi a hankali a miƙe, da mai isasshe a kan sarƙa.

Ghana ta haramta tsaga katako da zarton inji don sayarwa tun 1998, kuma ɓarnar itace na cikin dalilan da aka bayar, amma har yau irin wannan katako ne ke rufe mafi yawan gidajen ƙasar. A Najeriya, inda dokar daji take hannun jihohi, mai inji da ke Kogi ko Taraba shi ke zaɓen sarƙarsa, kuma yawanci abin da ya tarar a shagon kayan gyara mafi kusa shi yake ɗaurawa.