Camry Muscle da matatar iska mai ƙugi: abin da waya ta nuna mana a hanyar Achida

A Amurka in an ce motar "muscle", ana nufin irin su Pontiac GTO ta 1964 ko Dodge Charger, masu injin V8 da ke zuƙar fetur kamar ruwa. A wajenmu sunan ya faɗa kan Toyota Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda mafi yawanta silinda huɗu gare ta. Ta 2007 mai lita 2.4 ƙarfin doki 158 take da shi. Amma bidiyon da samari ke kallo a YouTube na waccan ce, shi ya sa gyaran farko da ke shiga ransu shi ne cire akwatin matatar iska a ɗaura matata mai siffar mazurari.

Yayana ya yi wa tasa a Sakkwato. Da ya iso Achida ya taka totur, ƙugin ya tara yara. Ya ce, "Ƙanena, ka ji ƙarfi?" Na ce, "Yaya, ƙara dai na ji, bari mu tambayi motar."

Tunanin gyaran ba shirme ba ne. Inji yana haɗa kusan giram 14.7 na iska da giram ɗaya na fetur, in iska ta ƙaru sai ƙwaƙwalwar motar ta ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Sai dai nauyin iskar ake lissafawa, kuma iska mai zafi ba ta da nauyi. Daga digiri 40 zuwa 60 tana rasa kusan kashi 6 cikin ɗari. Akwatin da Toyota ta sa yana jawo iska ne daga gaban mota. Mazurarin kuwa a cikin bonet yake zaune tsirara, yana shaƙar hucin inji da na lagireto. Amurkawa sun san da wannan tuni: Ford Mustang Mach 1 ta 1969 akan same ta da bututun da ya leƙo ta saman bonet don kamo iskar waje.

Ni ba bakanike ba ne, manhaja nake rubutawa, don haka da waya na shiga maganar. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da kafar OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. Na soka ƙaramar na'urar ELM327, na haɗa ta da manhajar Torque ta Bluetooth, muka kama hanyar Goronyo da azahar a watan Afrilu. Muna gudu, zafin iskar da ke shiga bai yi nisa da na waje ba. Muna tsayawa a kasuwa sai lambar ta riƙa hawa, ta kuma daɗe ba ta sauko ba. Washegari muka mayar da tsohon akwatin muka bi hanyar a daidai lokacin, ta fi sanyi.

Zafin ma da sauƙi. Abin da ya fi damuna ƙura ce. Hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi gari ne lukui, ga hanyoyin ƙauyukan Rabah da Wurno marasa kwalta. Mazurarin da ake sayarwa da arha ramukansa manya ne, abin da ya wuce kuma yana zuwa ya goge zoben fistin da bangon silinda a hankali. Injin 2AZ-FE dama an san shi da shan baƙin mai, ina ga an ƙara masa yashi? Masu tsadar irin na K&N ana shafa musu mai, in ya yi yawa yakan ɓata siririyar wayar da ke auna iska, fitilar inji ta kama, na'ura ta nuna P0101 ko P0171.

Wasu suna sauke bututun ƙasa kusa da taya don ya sami iska mai sanyi. A watan Agusta, a hanyar fadamar Rima, kududdufi ɗaya ya isa ya cika silinda da ruwa. Ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe.

Yayana ya bar akwatin asali a jiki, ya sa sabuwar matatar takarda, muka wanke ma'aunin iskar da feshin da aka yi dominsa. Mazurarin yana nan cikin but, ya ce zai mayar da shi ranar ɗaukar amaryar abokinsa.