Akawun 'Yan Tumatir Da Ke Koyon Rubuta Labari

A kasuwar Mile 12 ta nan Ikko, inda manyan motoci ke sauke tumatir da attarugu da albasa daga Arewa tun kafin asuba, akwai wani saurayi ɗan shekara 23 da ke riƙe wa wani dillali littafin lissafi. Haifaffen Agege ne, iyayensa kuwa mutanen ƙasar Kano. Da safe akawu ne, da yamma ɗalibi a wata kwaleji, yana shekara ta biyu. A zangon karatun da ya wuce aka sa su wani kos na koyon rubuta labari, wanda tilas ne ga kowane ɗalibin sashensu. Shi dai ya shiga ne don ya sami maki ya wuce. To, kos ya ƙare, maki ya samu, amma an bar shi da abin da ke hana shi barci.

Aikin farko da malamarsu ta ba su shi ne kowa ya kawo labari mai shafi biyu. Saurayin nan bai ɓata lokaci ba. Ya kawo ɗan attajiri, ya kawo 'yar talaka, ya haɗa su a lambu ana yayyafi, ya sa uban yaro ya rantse ba za a yi auren ba. Da takardar ta dawo, duk ta yi ja wur da biro. A ƙasa malamar ta tambaye shi ko ya taɓa shiga irin gidan da ya kwatanta, ko kuwa a wani wuri ya gani.

Gaskiya a silima ya gani. Kamar sauran sa'o'insa, da fim ɗin Indiya ya girma. Mahaifinsa har yau yana ba da labarin yadda suke cika Plaza da Orion a Kano don kallon su, shi kuma ya gāji abin, sai dai nasa kallon a wayar hannu ne, a cikin mota ko bayan an tashi daga kasuwa. Ya ce ranar ce ya gane cewa duk labaran da yake tsammani nasa ne, ashe aro ne, kuma aron ma bai san ya yi ba.

Da malamar ta ji inda yake aiki, sai ta hana shi lambu da yayyafi. Ta ce ya je ya rubuto abin da ya faru a kasuwa ranar Talata. Ya ce shi bai ga wani abu da ya faru ba, illa dai wata mota ta makara. Ta ce wannan ɗin take so.

Duk wanda ya san sana'ar gwari ya san abin da makarar mota ke nufi. Tumatir ba hatsi ba ne da za a ajiye a rumbu. In an ɗora shi a Kadawa ko Ɗanja, tafiyar da ke gabansa ta kusan kilomita 1,000 ce, cikin kwanduna, wani kan wani, ga zafi. Mota ta lalace a hanya ta ƙara kwana biyu, to, na ƙasa ya zama ruwa. Daga nan sai rigima: manomi yana jiran kuɗinsa a ƙauye, direba ya ce ba laifinsa ba ne, dillali ya ce ba zai biya abin da bai sayar ba, 'yan dako kuma sai an sallame su ko kaya ya ruɓe ko bai ruɓe ba. Akawu ne ke tsakiya da biro a hannu. Wannan shi ne labarinsa na biyu, kuma shi malamar ta sa aka karanta wa aji. 'Yan ajin, galibinsu Yarabawa da Ibo, suka yi tsit. Kowannensu yana cin miyar tumatir kullum, amma babu wanda ya taɓa tunanin wanda asara ke hawa kansa.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, salon da malamar ke ta fama ta koya musu, watau a rage surutu, a faɗi wanda ya yi da abin da ya yi, ashe ya daɗe yana yinsa a littafin bashi. Suna, yawan kwanduna, abin da aka biya, abin da ya saura. In ka ga sunan mace guda mako shida a jere tana ɗaukar kwando biyar, sannan ya koma biyu, sannan sunan ya ɓace da saura a kanta, ai an gama ba ka labari. Saura kawai ka bi ka ji me ya same ta.

Sai dai kos ɗin ya ɓata masa kallo. A da yakan zauna awa uku ba ya motsi. Yanzu kuwa yana kallo yana tambayar kansa: wannan jarumin, me yake yi ya sami kuɗi? A fina-finai da yawa, na Kano da na Ikko duka, za ka ga mutum da mota da gidan bene, a ce wai ya tafi ofis, amma har fim ya ƙare ba a nuna maka abin da ake yi a ofishin ba. A nan kam yaron yana da gaskiya. Ba a rasa masu ƙoƙari ba, kuma asalin fim ɗin Hausa ma da hannun marubuta a ciki: bayan Turmin Danya na 1990, littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino an mai da su fim. Amma soyayya ta cinye fili, sana'a ta zama kamar labule a bayan 'yan wasa.

Fim ɗin da ya juya masa tunani a aji aka nuna musu shi, Mandabi na Ousmane Sembène, mutumin Senegal, wanda ya fito a 1968 da harshen Wolof. Labarin wani magidanci ne a Dakar da ɗan'uwansa ya aiko masa da takardar kuɗi daga Faransa, ya kasa karɓa don ba shi da katin shaida, ga maƙwabta sun riga sun ji labari sun fara zuwa rance. Shi Sembène ɗin lebura ne a tashar jirgin ruwa ta Marseille kafin ya buga littafinsa na farko a 1956. Da ya ga akasarin mutanensa ba sa karatu, sai ya tafi Mosko ya koyi aikin fim yana dab da shekara 40. Ɗalibin ya ce da ya ji haka sai kunyar da yake ji ta warin tumatir a rigarsa in ya shiga aji ta ragu.

Ko a gida ma haka abin yake. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma malamin makaranta ne sa'ad da ya rubuta Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Babu ɗayansu da ya ajiye aikinsa kafin ya rubuta littafinsa na farko.

Rubutun bai zo masa a banza ba. Labari ya kai kunnen maigidansa cewa yaro yana kai zancen kasuwa makaranta. Alhaji ya kira shi ya ja masa kunne: littafin bashi amana ce, mutuncin mutane ne a ciki. Yaro ya ba da haƙuri, ya nuna masa babu sunan kowa, ya kuma yi alkawarin duk abin da zai sa a gane mutum zai sake shi. Alhaji ya yi shiru, amma bai ce ya yarda ba.

Yanzu ga inda aka tsaya. Alhajin ya yi masa tayin ya koma Arewa da rani ya zama wakilinsa wajen sayen kaya daga manoma. Kuɗin ya fi na akawu nesa ba kusa ba, amma karatu sai a ajiye shi. Mahaifinsa yana so ya karɓa, don akwai ƙanne huɗu a makaranta, ga maganar aure an fara. Shi kuwa ransa yana Jos, a makarantar koyon aikin fim da ke ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, inda yake so ya koyi rubuta labarin fim in ya gama kwaleji. Malamarsa ba ta ce masa ya bi wannan ko wancan ba. Ta dai gaya masa kada ya yi tsammanin rubutu zai ciyar da shi nan kusa, kuma gonakin Kadawa ma cike suke da labaran da ba wanda ya rubuta.

Ya roƙi Baba da Alhaji su yi masa haƙuri har ya gama jarrabawa. Sun ba shi zuwa lokacin da tumatir ɗin rani zai fara fitowa.