Daga Tarka zuwa jami'ar waje: takarda, kuɗi da sanyi

Yaron da ya ci jarrabawar bak a Damargu, aka ce ya samu gurbin karatu a Maroko ko Aljeriya, yakan ɗauka jirgi kawai ya rage. Ina! Tafiyar tana farawa ne daga takardar haihuwa, kuma nan ne ɗan karkara ya fi shan wuya.

Da yawa daga yaran Tarka a ruga ko a ƙauye aka haife su, ba a kai sunansu ofishin magajin gari cikin wa'adi ba. Irin wannan sai ya je kotu da shaidu, alƙali ya ba shi takardar da za ta maye gurbin ta haihuwa. Da ita ake neman takardar zama ɗan ƙasa, da ta zama ɗan ƙasar kuma ake neman fasfo. Kowace tana rataye da ta bayanta, shi ya sa kuskure ɗaya yake bin yaro har filin jirgi. Malamin lakkol ya rubuta Mahamadou, magatakardan kotu ya rubuta Mamane, takardar bak ta fito da Mahaman. A Tarka kowa ya san mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin jami'a a Rabat mutum uku yake gani. Gyaran kuwa a kotu ake yinsa, kuma yana cin lokaci. A ganina tun yaro yana ajin ƙarshe ya kamata a baje takardunsa a karanta su harafi bayan harafi. Takardar shaidar rashin laifi ita kaɗai ake bari sai ƙarshe, don wata 3 take yi ta mutu. Sai katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa.

Guraben da ƙasashe ke ba Nijar ta hannun hukumar ANAB suke bi, a Yamai, kimanin kilomita 900 daga Damagaram. Wanda ba shi da ɗan'uwa a can sai ya lissafa kuɗin mota da na masauki tun ba a kira sunansa ba. Turkiyya kuma ta intanet ake neman tallafinta a farkon shekara, tana biyan jirgi da ɗaki, amma sai ɗalibi ya shekara yana koyon Turkanci. Faransa da aka saba zuwa, ƙofarta ta ƙuntata tun da ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024. Dama can ta kasance tana son ɗalibi ya nuna yuro 615 na kowane wata, sama da sefa 400,000.

Iyaye sukan ji kalmar tallafi su saki jiki. Abin da Maroko ta daɗe tana ba ɗalibin waje a da dirhami 750 ne a wata, kuma ba ranar da ya sauka yake fara karɓa ba. Kafin nan akwai kuɗin ajiyar ɗakin haya, da katifa, da tukunya, da katin zama da dole a nema cikin kwana 90. Ga shi lokacin tashi yana faɗawa Satumba ko Oktoba, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai gama shiga gida ba. Gidan da zai sayar da sa ko raƙumi gara ya yanke shawarar da wuri, ya kuma tsayar da hanyar aika kuɗi, don kamfanin da ke kai saƙo Yamai ba lallai ne yana da reshe a Fas ta Maroko ba.

Sanyin hunturun Damargu busasshe ne, hantsi na yi ya sake ka. Na Setif da Batna a Aljeriya da dusar ƙanƙara yake zuwa, ɗakin kuma yakan kwana da danshi. Rigar sanyi mai kauri a can ya fi a saya, wajen 'yan gwanjo, tsofaffin ɗaliban Nijar na garin za su nuna masa kasuwar. Lambar ɗayansu ya kamata ta kasance a aljihunsa kafin ya bar Damargu.