Littattafan Da Suka Taso Daga Ƙasar Kontagora

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman yana zuwa muku ne daga nan Kontagora, garin Sarkin Sudan. Yau hirar tamu ta littattafai ce, na hikaya da na yara. Za mu ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, mu faɗi abin da kowanne ya ƙunsa a taƙaice, mu nuna inda ya yi armashi da inda ya gaza, sannan mu faɗi wanda ya fi dacewa a miƙa masa shi. Iyaye da malaman makaranta, ku gyara zama, domin da ku muke.

A shekarar 1933, Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Kafin wannan lokaci malamanmu sun daɗe suna rubutu da ajami, amma akasarinsa waƙoƙi ne na wa'azi da ilimi, sai tarihi da wasiƙu. Labarin nishaɗi kuwa a baki yake zaune, kakanni na yi wa jikoki da dare. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri, aka fara buga su daga 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida tare da shi Rupert East.

To, jama'a, ga abin da ya shafe mu. Uku daga cikin biyar ɗin nan, labarinsu daga wannan yanki namu ya taso. Biyu daga cikin marubutan kuma, Bello da Abubakar Imam, wa ne da ƙane, 'yan Kagara, wadda a wancan zamani take cikin Lardin Kontagora. Ke nan, idan ana maganar asalin ƙagaggen labari na Hausa, ƙasarmu na da babban kaso a ciki, kuma bai kamata yaron Kontagora ya gama sakandare bai san haka ba.

(Gajeren kiɗa)

Bari mu fara da Ruwan Bagaja. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma yana matashin malamin makaranta a can Katsina ya rubuta wannan littafi. A Kontagora labarin ya buɗe. Wani mai yawon neman labari, Koje Sarkin Labari, ya iso garin nan, ya haɗu da wani attajiri mai suna Alhaji Imam, shi kuma ya kwashe tarihin rayuwarsa ya ba shi. Ɗan sarki ne ya kwanta ciwo, limamin gari ya ce da za a samo ruwan Bagaja da ya warke, sai aka mayar da maganarsa abin ba'a. Alhaji Imam ya ji zafin wulaƙancin da aka yi wa limamin, wanda shi ne ya riƙe shi, ya ɗaura aniyar ba zai zauna ba sai ya kawo ruwan.

Daga nan sai tafiya, gari bayan gari, har ƙasashen aljanu. Amma gishirin littafin shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Duk inda suka haɗu da Alhaji, sai ɗaya ya haƙa wa ɗaya rami, yau wannan ya ci, gobe wancan ya rama. Hausar littafin mai sauƙi ce, tana gudu, babu inda mai karatu zai yi tuntuɓe. Yaron da ya kai aji biyar na firamare zai iya karanta shi da kansa, ya yi ta dariya.

Abu ɗaya ne ya kamata iyaye su lura da shi. Jarumin littafin nan ba waliyyi ba ne. Yakan yi ƙarya, yakan yi damfara, kuma sau da yawa yakan tsira da ita. Haka nan akwai barkwancin da ake yi da mutanen ƙauye wanda na zamaninsa ne. Don haka idan yaro ya gama, a zauna da shi a tambaye shi: wane hali ne na Alhaji ya burge ka, wanne ne kuma ba za ka so a yi maka ba? A nan ne dariyar za ta zama darasi.

(Gajeren kiɗa)

Littafi na biyu shi ne Ganɗoki. Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, an haife shi a 1890. Ke nan ya yi wayo lokacin da sojojin Turawa suka ci Kontagora a farkon 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim, ɗan Umaru Nagwamatse wanda ya kafa garin nan. Abin da ya ji daga bakin manya, da abin da ya tarar da idonsa, su ne ya zuba a kashin farko na littafin.

Ganɗoki barde ne da ya ƙi sunkuyar da kai ga Nasara. Ya fafata a yaƙe-yaƙen wannan yanki, ya bi ayarin masu hijira zuwa gabas tare da Sarkin Musulmi Attahiru, wanda aka kashe a Burmi a 1903. Bayan nan sai littafin ya sauya salo, ya bar tarihi ya shiga duniyar almara, inda Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare ke gwabzawa da aljanu a ƙasashe masu nisa. Da ya dawo gida, sai ya tarar duniya ta canza, takobi ya koma kube, yara suna zuwa makarantar boko.

Wanda ke son jin Hausar fada da ta fagen fama, da kirari mai sa tsikar jiki ta tashi, to ga inda zai same ta. Wannan littafi na karantawa da ƙarfi ne, a gaban jama'a. Rauninsa kuwa shi ne kashi na biyu, inda yaƙi ke bin yaƙi har mai karatu ya fara gajiya. Akwai kuma wata magana mai nauyi da dole mu faɗa. Ganɗoki daga kan doki yake kallon duniya. Mutanen da ake kai wa hari a ƙauyuka, ba a jin muryarsu a ciki ko kaɗan. Mu kuwa a Kontagora, a aji ɗaya za ka tarar da ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani, da Bakambare da Badukke da Bakamuke, kafaɗa da kafaɗa. Malamin da zai koyar da Ganɗoki a irin wannan aji yana bukatar hikima da adalci, kuma yana bukatar littafi na uku a hannunsa.

(Gajeren kiɗa)

Wannan littafi na uku shi ne Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana matashin malami a Bauchi, shekaru da dama kafin ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Wani babban malami ne a garin Rauta yake ba almajiransa labarin asalinsa. Ya ce a Kagara aka haife shi, ya taso maraya a hannun mijin uwarsa, Makau, wanda hassadar fadawa ta sa aka kora daga gari. Ana cikin wannan hali aka sace Umar yana ƙaramin yaro. Ya faɗa hannun masu cinikin bayi, har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ratsa hamada da shi zuwa Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami.

Zuciyar littafin kuwa ita ce uwar Umar. Ta bar kowa da komai ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, ita ma aka sayar da ita, ta sha azaba iri-iri a ƙasar da ba ta san kowa ba. Sai a ƙarshen rayuwarta Allah ya haɗa fuskokinsu, ba ta daɗe ba ta cika.

Babu barkwanci a Shaihu Umar, babu kirari. Hausarsa a natse take, irin ta malamin da ke magana a zaure. Wasu masu nazari na ganin marubucin ya jingina komai ga ƙaddara, bai fito fili ya la'anci bauta ba. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan suka. Amma duk wanda ya bi wahalar wannan uwa daga farko har ƙarshe, ba ya bukatar a gaya masa cewa satar mutum zalunci ne. An fassara littafin zuwa Turanci a 1967, aka mayar da shi fim a 1976 ƙarƙashin jagorancin Adamu Halilu.

Masu sauraro, a gare mu mutanen Jihar Neja wannan labari bai tsufa ba. A watan Fabrairu na 2021, 'yan bindiga sun shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Kagara, suka kwashe mutane 42, ciki har da ɗalibai 27. Iyaye mata da suka kwana suna jiran labarin 'ya'yansu sun san abin da uwar Umar ta ji. Shi ya sa muke ba da shawarar a karanta Ganɗoki da Shaihu Umar a jere, a zangon karatu ɗaya. Na farko ya nuna jarumtar mai riƙe da mashi, na biyu ya nuna hawayen gidan da aka ɗauke wa ɗa. Ɗalibin da ya san duka biyun shi ne ya san tarihin ƙasarsa. Waɗannan biyu sun fi dacewa da 'yan sakandare.

(Kiɗa)

Yanzu sai mu waiwayi ƙananan yara. A nan ma Abubakar Imam ne ke kan gaba da Magana Jari Ce, littattafai uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. A na farko, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, mugun waziri na neman hallaka shi. Wani aku mai hikima ne ya riƙa tsare yaron da labari bayan labari, har gari ya waye bai fita ba. A na biyu gasar ba da labari ce tsakanin aku biyu, a na uku kuma akun ne ke horar da ɗansa. Labaran sun haura 80. Imam ya ɗebo wasu daga littattafan Larabawa irin su Dare Dubu da Ɗaya, wasu daga tatsuniyoyin Turai da Indiya, ya sa musu riga da hula har ka rantse a bayan gidanku abin ya faru. Alherin wannan littafi ga mai gida shi ne labaransa gajeru ne. Ɗaya ya isa hirar dare ɗaya.

Ga waɗanda suka fara haɗa baƙi, akwai Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littattafai shida da aka fara bugawa a 1971. A ciki yara za su haɗu da Gizo da Ƙoƙi, da wasannin dandali da yawancinsu suka fara ɓacewa daga unguwanninmu. Akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga yaron da ke son labarin jarumta. Sai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, labarin yaron da wani baƙo ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya. Wannan ya dace da ɗalibin da ke yawan tambaya a kan wata da taurari, domin yana nuna masa cewa ana iya tunanin kimiyya da Hausa.

'Yan mata da suka tasa kuma, kada a bar su a baya. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, ya buɗe wa mata ƙofar rubutun hikaya da Hausa, kuma ta wannan ƙofa ce irin su Balaraba Ramat Yakubu da ɗimbin marubutan Kano suka shigo.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, Abubakar Imam ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga fitowarta a 1939, ya rasu a 1981. Ya yi nasa, yayansa Bello ya yi nasa. Kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya ya daɗe yana sake buga ayyukansu, don haka ba a rasa su ba. Abin da ya rage namu ne.

Iyaye, kada a ce sai yaro ya iya Turanci sannan ya fara karatun nishaɗi. Yaron da ya saba karatu da harshen da yake magana da shi a gida, shi ne ke saurin kama karatu a kowane harshe. Ku sayi littafi ko da ɗaya ne, a karanta bayan sallar isha, babba ya karanta wa ƙanne, uwa da uba na saurare. Malaman makaranta, ku ware wa yara lokacin karatu a fili ko da sau ɗaya ne a mako. Masu hannu da shuni na garin nan, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ku sa akwatin littattafan Hausa a makarantun da kuka fito. Matasanmu masu baiwar rubutu kuwa, manoman ƙasar nan da 'yan kasuwarta da matanta suna da labaran da ba a rubuta ba tukuna, ku ɗauki alƙalami.

Nan za mu dasa aya a shirinmu na yau.

(Kiɗan rufe shiri)